Me Ya Sa Magariba Ba Ta Tsayawa Wuri Guda A Kontagora?

Duk mutumin da ya daɗe da zama a garin Kontagora, in dai yana ɗaura agogo, lalle ya lura cewa ladan ba ya kiran sallar Magariba a kan lokaci guda tun daga farkon shekara har ƙarshenta. A tsakiyar watan Nuwamba, sa'ad da kaka ta yi, manoma suna fama da girbin dawa, rana takan faɗi da misalin ƙarfe 6:12 na yamma. Wajen 12 ga Yuli kuwa, lokacin da damina ta kankama, sai ta kai ƙarfe 7:04 kafin ta ɓuya. Tsakanin waɗannan lokatai biyu akwai minti 52, watau sa'a guda ba kaɗan. Waɗansu sukan ɗora laifin a kan ladan, su ce yana gaggawa ko yana nawa, waɗansu kuma su zaci agogonsu ne ya lalace, har su kai shi wurin mai gyara. Alhali kuwa ladan yana kan daidai, agogo ma lafiyarsa lau.

Wannan magana tana da nauyi ƙwarai, domin ta shafi ibada. Mai azumin da ya sha ruwa bisa zaton rana ta faɗi, daga baya ta bayyana cewa ba ta faɗi ba, malaman mazhabar Malikiyya sun ce sai ya rama wannan yini. Salla kuma ba ta inganta tun lokacinta bai shiga ba. Ashe minti 10 da mutum zai raina yana iya jawo masa asarar ƙishirwar yini guda cur. Saboda haka ya kamata a san abin da ke motsa lokacin faɗuwar rana. Dalilan uku ne, watau inda gari yake a doron ƙasa, da karkatar duniya, da rashin daidaituwar tafiyar rana da ta agogo. Bayan su akwai na huɗu, wanda ya shafi abin da ido ke gani.

AGOGO GUDA, GARURUWA DABAN

Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, tana juyawa daga yamma zuwa gabas, abin da ya sa ake ganin rana tana ɓullowa daga gabas ta nufi yamma. Masana sun raba kewayenta zuwa digiri 360, suka ƙaddara layuka daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, kamar yadda lemo ke da sala-sala in an ɓare shi. Tun da yake yini da dare sa'a 24 ne, kowane digiri 15 yana daidai da sa'a guda, kowane digiri guda kuma minti 4. A cikin 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washinton na Amurka, suka amince a fara ƙidayar waɗannan layuka daga wanda ya ratsa Girinwic, a Landan.

Tun daga 1919 agogon Nijeriya yake gaba da na Girinwic da sa'a guda, watau ƙasar duka tana aiki da lokacin layin digiri 15 gabas. Abin mamaki, wannan layi bai ma taɓa ƙasar Nijeriya ba, yana can kusa da Njamena, babban birnin Chadi. Kontagora kuwa tana wajen digiri 5 da rabi. Tazarar digiri 9 da rabi ke nan, in an ninka sau 4 a sami minti 38. Ma'anar wannan ita ce, sa'ad da agogo ya buga ƙarfe 12 na rana a Kontagora, a matsakaicin lissafi saura minti 38 rana ta kai tsakiya.

Kowane gari da tasa tazarar. Maiduguri tana wajen digiri 13, don haka tana riga Kontagora da kimanin rabin sa'a. Kano tana digiri 8 da rabi, tana riga ta da kimanin minti 12. Kaduna tana riga ta da minti 8, Minna hedkwatar Jihar Neja kuma da minti 4. To, a ɗauka mutum yana zaune a ƙofar gidansa a Kontagora cikin watan azumi, da akwatin rediyo a gefe, ya ji an kira salla daga wata tasha ta Kaduna, ya kai dabino baki. Kiran daidai ne ga mutanen Kaduna, amma shi ranarsa tana nan sama da sauran minti 8. Haka nan direban da ya taso daga Kano da kalandar lokutan salla a maƙale a motarsa, in ya iso Kontagora ya dogara da ita, ta riga ta daina yi masa amfani tun yana hanya.

KARKATAR DUNIYA

Wannan dalili na farko ya bayyana bambancin gari da gari, amma bai bayyana abin da ya sa lokaci ke sauyawa a gari guda ba. Nan ne dalili na biyu ya shigo. Duniya tana juyawa ne kamar mazarin mai kaɗi, sai dai mazarin nata ba a tsaye yake sak ba, a karkace yake da kimanin digiri 23 da rabi, kuma kansa yana fuskantar wuri guda a sama duk tsawon shekarar da take kewaya rana. Saboda haka wajen 21 ga Yuni sashen arewa ne ke karkata wajen rana, yini ya yi tsawo a can, wajen 21 ga Disamba kuma sashen kudu ne ke samun wannan rabo.

Gwargwadon nisan gari daga layin Ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, gwargwadon yadda wannan sauyi ke tsananta. Kontagora tana arewa da layin da digiri 10 da 'yan kai, don haka sauyinta mai sauƙi ne. Yininta mafi tsawo, a Yuni, sa'a 12 ne da minti 44, mafi gajarta kuma, a Disamba, sa'a 11 da minti 31. A Landan, wadda ke digiri 51 da rabi, yinin Yuni ya haura sa'a 16 da rabi, na Disamba kuwa bai kai sa'a 8 ba. Can ƙuryar arewacin Norwe ma rana takan yi makonni ba ta faɗi ba sam.

Sakkwato misali ce mai kyau a kusa. Kusan layi guda take da Kontagora ta fuskar gabas da yamma, bambancinsu minti guda ne kacal, amma ta fi ta nisa arewa, tana digiri 13. A Yuni rana takan faɗi a Sakkwato bayan Kontagora da kimanin minti 6, a Disamba kuwa Sakkwato ce ke riga da kimanin minti 4. Haka kuma tazarar Kano ta minti 12 ba a tsaye take ba, takan ragu zuwa 9 a Yuni, ta ƙaru zuwa 15 a Disamba. Wanda ya ce zai riƙa ƙara adadi guda a kan kalandar wani gari shekara duka, lissafinsa zai kuskure.

Ana iya ganin aikin wannan karkata ba tare da wata na'ura ba. Mutum ya zaɓi wuri guda da zai riƙa tsayawa, ya lura da itace ko ginin da rana ke faɗuwa a bayansa. A Maris da Satumba za ta faɗi yamma sak. A Yuni za ta gusa arewa da kimanin digiri 24, a Disamba ta koma kudu da kamar haka. Sau biyu a shekara, wajen 17 ga Afrilu da 26 ga Agusta, rana takan bi ta kan Kontagora daidai, har sandar da aka kafa a tsaye ta rasa inuwa da tsakar rana. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuwa arewa.

RANA DA AGOGO BA SU JERA BA

Da karkata ce kaɗai ke aiki, da ranar da yini ya fi gajarta ita ce ranar da Magariba za ta fi saurin yi. Amma a Kontagora ba haka abin yake ba. Yini mafi gajarta yana zuwa wajen 21 ga Disamba, ga shi kuwa a ranar sai ƙarfe 6:21 rana ke faɗuwa, ta riga ta ƙara minti 9 a kan na tsakiyar Nuwamba. Haka kuma 20 ga Maris da 23 ga Satumba tsawon yininsu ɗaya ne, amma a ta farko rana tana faɗuwa ƙarfe 6:49, a ta biyu ƙarfe 6:34. Wannan shi ne aikin dalili na uku.

Duniya tana kammala juyi guda a kanta cikin sa'a 23 da minti 56. Amma cikin wannan lokaci ta riga ta ɗan ci gaba a kan hanyarta ta kewaya rana, don haka sai ta ƙara ɗan juyi na kimanin minti 4 kafin gari ya sake fuskantar rana. Wannan ƙari ne ke cika sa'a 24, kuma shi ne ba ya zama daidai kullum, saboda abubuwa biyu.

Na farko, hanyar da duniya ke bi ba da'ira ce cikakkiya ba, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai, kamar yadda Bajamushen nan Yohanas Kefla ya bayyana a 1609. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a nan kuma ta fi sauri. A farkon Yuli ta fi nisa, kimanin kilomita miliyan 152, sai tafiyarta ta ragu. In ta yi sauri, ɗan juyin da za ta ƙara kafin ta cim ma rana ya fi yawa. Na biyu, karkatar nan ta sa hanyar da ake ganin rana na bi a cikin taurari ta zama a gicciye. A Maris da Satumba wani kaso na takunta na kullum yana tafiya ne arewa ko kudu, sai abin da ta ci ta fuskar gabas ya ragu, a Yuni da Disamba kuwa takun duka gabas yake nufa.

In an haɗa waɗannan biyu, daga tsakar rana zuwa tsakar rana ta gobe yakan haura sa'a 24 da kusan daƙiƙa 30 a ƙarshen Disamba, ya gaza da kimanin daƙiƙa 21 a tsakiyar Satumba. Agogo kuwa ba ruwansa, an ƙera shi ne a kan matsakaici, kowace rana sa'a 24 cif. Daƙiƙoƙin nan suna taruwa kullum kamar adashi, har a farkon Nuwamba rana ta riga agogo da minti 16, a tsakiyar Fabrairu kuma ta makara da minti 14. Shi ya sa zawali a Kontagora yakan yi ƙarfe 12:22 a farkon Nuwamba, ya kai 12:52 a tsakiyar Fabrairu. Rabin sa'a ke nan, kuma lokacin Azahar yana tafiya tare da shi.

Yanzu sai a warware batun Nuwamba da Disamba. Wajen 17 ga Nuwamba rana tana kai tsakiya ƙarfe 12:23, daga nan zuwa faɗuwarta sa'a 5 da minti 49, jimla 6:12. Ran 21 ga Disamba rabin yinin ya ragu zuwa sa'a 5 da minti 45, amma tsakar ranar ta gusa zuwa 12:36, jimla 6:21. Yini ya rasa minti 4 ta ɓangaren yamma, tsakar rana ta ƙara 13, sai ƙarin ya rinjayi ragin. Ta ɓangaren safiya kuwa abubuwan biyu haɗuwa suke yi, shi ya sa gari ke daɗa jinkirin wayewa har zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da rana ba ta fitowa a Kontagora sai ƙarfe 7 ta ɗan gota.

Wannan ilmi daɗaɗɗe ne. Batalimusa na Iskandariyya ya yi bayaninsa tun ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. A manyan masallatan Masar da Sham, daga ƙarni na 13, akwai ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, aikinsa lissafin lokutan salla. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ibn Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya ƙera wa masallacin agogon inuwa wajen 1371. Dattijon da ke auna inuwarsa da tafin ƙafa don ya san La'asar ta yi, rana yake tambaya kai tsaye, don haka saɓaninta da agogo bai taɓa damunsa ba.

ABIN DA IDO KE GANI

Iskar da ta lulluɓe duniya ita ma tana da nata aiki. Kamar yadda muciya ke zama kamar ta karye in an tsoma rabinta cikin ruwa, haka hasken rana ke lanƙwasa in ya shigo cikin iska. A can inda sama ta haɗu da ƙasa, lanƙwasar ta ɗan haura rabin digiri, watau ta ɗan fi faɗin ranar kanta yadda ake ganinta. Saboda haka sa'ad da ido ya ga gindin rana ya taɓa ƙasa, a haƙiƙa ta riga ta nutse, hotonta ne iska ta ɗago. Masu lissafin kalanda suna sa wannan a cikin lissafinsu, domin abin da ake dogara da shi shi ne ɓuyar ranar ga ido. A Kontagora hakan yana ƙara wa yini minti 2 da 'yan kai da yamma, da kamarsa da safe. Tudu ma yana ƙarawa, domin wanda ke sama ya fi hangen nesa. A 2011 malaman Dubai sun ba da fatawa cewa mazauna benayen ƙoli na dogon ginin nan Burj Khalifa, mai tsawon mita 828, su jinkirta shan ruwa da minti 2 zuwa 3 bayan na ƙasa.

Jan da rana ke yi kuwa, farin haskenta haɗin launuka ne, kuma ƙananan ƙwayoyin iska sun fi watsa shuɗi a kan ja, kamar yadda masanin Ingila Lod Raili ya bayyana a 1871. Wannan shuɗin da aka watsa shi ne launin sama da rana. Da yamma hasken yana ratso iska mai kaurin da ya ninka na tsakar rana kusan sau 38, sai shuɗin ya ƙare a hanya, ja da ruwan ɗorawa su iso ga ido. Bayan rana ta ɓuya, haskenta yana ci gaba da taɓa iskar sama, shi ne shafaƙi. A ƙasashe irin namu na kusa da Ikwaita rana tana gangarawa ne kusan a tsaye, don haka almuru gajere ne, cikin minti 20 da 'yan kai duhu ya fara kankama, ba kamar Turai ba inda take gangarawa a kaikaice.

Babban abin lura shi ne lokacin hunturu. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a sararin Arewa. Ƙwayoyin ƙura manya ne, suna watsa launuka duka kusan daidai, shi ya sa rana ke zama fara fat kamar faifai, ta dushe, ta ɓace cikin hazo tun tana da sauran tafiya. Wanda ya dogara da ido kaɗai a irin wannan rana zai rantse ta faɗi, alhali tana nan. Hadarin damina ma yakan yi irin wannan ruɗi in ya taru a yamma.

AZUMI NA ZAGAYAWA

Shekarar Hijira tana da kwana 354 ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka watan Ramadan yana zagaya damina da rani cikin kimanin shekara 33. A 2002 ya faɗo cikin Nuwamba, aka riƙa shan ruwa a Kontagora wajen 6:12. A 2015 ya zo a Yuni da Yuli, aka kai bayan ƙarfe 7. A 2008 ya zo a Satumba, watan da lokacin ke zamewa da sauri, aka fara wajen 6:48 aka ƙare wajen 6:29. A 2025 kuwa ya zo a Maris, inda tsawaitar yini da komawar tsakar rana baya ke kashe juna, sai Magariba ta tsaya wajen 6:49 wata duka, kusan ba ta motsa ba.

A nan ne ake bukatar hattara. Wanda ya saba da azumin Maris yana iya ɗauka cewa lokacin ranar farko shi ne na ranar ƙarshe. Amma azumi yana tafiya wajen Janairu, har 2030 za ta ga Ramadan sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba. A Janairu kuwa Magariba jinkiri take ƙarawa kullum, daga kimanin 6:30 ran 5 ga wata zuwa 6:43 a farkon Fabrairu. Wanda ya riƙe lokacin daren farko zai riƙa shan ruwa da rana a sama kafin mako guda ya cika, ga shi kuma lokacin hazo ne, ido ba zai gyara masa kuskuren ba.

Abin yi a bayyane yake. Kwamitin kowane masallaci a Kontagora, da na garuruwan masarautar irin su Rijau da Mariga da Wushishi, ya tabbata kalandar da ke rataye a bango an lissafa ta ne don garinsa, kuma ta nuna kowace rana da lokacinta. Masu buga kalanda su rubuta sunan garin a fili. Mai dogara da wayar hannu ya duba ko an saita ta a kan inda yake, domin da yawa suna ɗauke da lokacin garin da aka baro. Ladan ya riƙa gwada kalandarsa da ido a ranakun da sama ta yi garau, a wurin da gini ko tudu bai tare yamma ba, in ya ga saɓani ya kai wa malamai da masana. Malaman makaranta kuma su kafa sanda a fili, yara su riƙa auna inuwarta suna rubutawa mako-mako, domin gani ya kori ji. Ranar da hazo ko hadari ya rufe yamma, haƙurin minti 2 ko 3 a kan lokacin kalanda ya fi ramuwar yini guda sauƙi.